A Gyara Shafi Na Goma Sha Biyu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kafa mana babbar kwamfuta, wato saba, a Gumel,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na biyo ta jarida ne domin wasiƙuna biyu sun isa ofishinka ba amsa.

Ni ne mai kula da kwamfuta a ofishin wani shirin tallafa wa manoma da makiyaya. Ban yi makarantar wannan aiki ba. Daga ƙananan littattafai irin naku na koya, ina bi layi layi da jan biro, kuma ban taɓa zaton abin da aka buga zai zama rabin magana ba.

1. A shafi na goma sha biyu na littafin jagorarku akwai jadawalin da ya gwada manhajarku da wadda muke amfani da ita a da, ya nuna taku ta fi sauri nesa ba kusa ba. Da shi na tsaya gaban shugabanmu na nemi a sauya. An sauya da sa hannuna.

2. Saba ita ce kwamfutar da ke miƙa shafin farashin hatsi da dabbobi ga ofisoshinmu na Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ta layin tarho. Kwana shida lafiya lau take aiki. Ranar Alhamis kuwa, idan kasuwar Maigatari ta cika, kowa ya nemi shafin a lokaci ɗaya, sai ta tsaya cik. Tsohuwar manhajar da ke kanta a da takan ja ƙafa, amma ba ta taɓa tsayawa ba.

3. Alhamis huɗu a jere na zauna da agogon hannu ina rubuta abin da na gani. Daga baya injiniyanku ya tabbatar mini cewa da ƙaramin shafi guda kuka yi gwajin, kwamfuta ɗaya na nema, a ɗaki mai sanyi inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma ba ku saita tsohuwar manhajar ba. Ko ɗaya ba a rubuta a littafin ba. Sabon bugu ya fito, jadawalin na nan yadda yake.

Yanzu an ba ni takardar tuhuma. Ƙarshen watan nan kwamiti zai yanke ko sakacina ne ya jawo, ko zan ci gaba da aiki.

Ban ce manhajarku ba ta da amfani ba. Roƙona shi ne ku rubuta yadda aka yi gwajin a ƙasan jadawalin, ku sake gwajin da masu nema da yawa a lokaci guda, ku kuma aiko mini da gyaran a rubuce kafin kwamiti ya zauna.

Idan bai zo ba, zan roƙi kwamitin ya zauna ranar Alhamis, a gaban sabar, littafinku a buɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora. Wassalam.

Haladu Isa,
Gumel.