Abin da na binne a fakon surukina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Sana'ata sayen tsofaffin kaya a ƙauyukan Buza da Keita, ina kai ma wani mai tara kayan tarihi a Yamai. Shi ya koya mini gane kwankon harsashin igwa na Ingilishi: a duba gindi, in da tambari kamar sawun kaza, nasu ne. Bara wani tsoho a Tabotaki ya ba ni guda, wai ubansa ya zo da shi daga aikin soja, da shi suke danne jinkar rumbu. Na tura ma mutumin Yamai hoto ina murna. Sai mutumin ya kira ni: "Kai, wannan ba kwanko ba ne! Ba ka ga hular tagulla mai lambobi a bakinsa ba? Da ransa! Kar ka buga shi, kar ka kawo mini." Ya kashe waya.

To ina zan kai shi? A zamanin nan wa zai shiga wurin jandarma da bam a buhu ya ce tarihi yake saye? Tsoro ya sa da rana tsaka na binne shi a fakon surukina a Urno, inda ko akuya ba ta kiwo, na aza dutse. Ruwan damina ya kwashe dutsen.

Shekaranjiya matata ta ce, "Baba ya kira gayya ran Asabar, za a haƙa tassa a fakon nan, ya ce ka zo da digarka." Tassa fa, ramukan shuka masu tara ruwa, rami kusa da rami, ba inda diga za ta bari! Sau uku ina zuwa dubawa, ƙasar duk iri ɗaya. Na aike ta ta ce masa wurin ba zai yi hatsi ba, ya ce, "Yaushe mai sayen gwangwani ya san ƙasa?" Mutumin da ban taɓa kallon idonsa ba, in na hango shi takalmi nake cirewa in durƙusa, da wane baki zan ce masa, "Baba, na shuka maka mutuwa a gona"?

In na yi shiru, sara ɗaya ya isa, kuma ƙannen matata ne kan gaba a kowace gayya. In na faɗa, jandarma su tafi da ni, har da surukin nawa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yau Alhamis. Me zan yi?