Sawun Tayar Barmo

Belbeji, Maris 1983

Zuwa ga Lantana, uwar Fadimata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yarinya da Inna. Yaya zafin Tanut? Ni jikina ƙalau, zama ne kawai ya gagare ni.

Abin da kika ji gaskiya ne, ciwon bushiya ya shiga shanun arewa. An ba ni allurar rigakafi cikin akwatin ƙanƙara, aka ce in bi rugage har Tenhiya kafin ƙanƙarar ta narke, don in ta narke maganin ya zama ruwan banza. Na san inda hankalinki yake, wajen Saye, saniyar da marigayi Baba ya bar miki a hannun Buba makiyayi. Rugarsa zan fara nema.

Kin san yadda ƙayar aduwa ta raina ni. Rabin aikina na malamin dabbobi a gindin itace yake ƙarewa, ina facin tayar babur ina tsaki. To, Barmo makanike ya samo mini magani. Wata taya ce da aka cire daga motar masu tsaron daji, irin mai kaurin gefe, ya rantse ko da mashi aka soke ta ba ta kwanciya, haka za ta yi ta tafiya. Ya buɗa ƙarfen bayan babur ɗin, ya yi ta duka har ta zauna. Ki ga babur ɗin yanzu, kamar ɗan akuya da ƙafar raƙumi! Ba ya shan kwana sai na sa ƙafa a ƙasa, amma cikin rairayi tashi yake. Na san za ki ce gaggawata ce ta motsa. Ki faɗa, ba na kusa balle in ji.

Tsohuwar tayar na aika gida, ki jefa ta bayan rumbu. Ki gai da Inna, ku sa ni a addu'a.

Naki,
Manzo

Tarka

Lantana,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Direban da zai kawo wannan ya riga ya ta da mota, a tsaye nake rubutu.

Tayar ba ta yi ƙarya ba. Na ciro ƙaya daga jikinta ta fi cikin tafin hannu, ko gezau. Amma wani abu na damuna wanda na kasa ganewa. Duk rugar da na dosa sai in tarar an tashi. Jiya na sa hannu cikin toka na ji ɗumi, ga kashin shanu ɗanye, ga turakun maruƙa, ba kowa. Na kewaya rijiya, na tafi neman wata rugar, da na dawo waɗanda na hango da safe su ma sun ɓace. Ni da mata ke tarye ni da ƙwaryar nono tun daga nesa!

Na ce ko ciwon suke gudu. To ai ni ne maganin, me ya sa ba su tsaya ba? Ina ƙara wuta suna ƙara nisa. Ba na iya cin abinci, Lantana. In na girgiza akwatin sai in ji ruwa na motsi ciki. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, har rawanina na ƙara masa.

An ce an ga Buba gabas da kwarin nan. Yanzu zan bi shi. Ki shafa mini kan Fadimata.

Manzo

Dajin Tenhiya

Zuwa ga Lantana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina roƙon ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na ga Buba, amma ba ni na same shi ba. Nauyin tayar ya yi ta cin wayoyin ƙafar baya har suka tsinke, na zube gindin wani gawo. Tayar kuwa tana nan cike, ko kunya babu. Ina zaune ina ƙwanƙwasa ƙarfe sai ga Buba ya fito daga bayan tudu da sandarsa. Ƙarar guduma ce ta jawo shi. Ya ce duk dajin nan mutum ɗaya suka sani da zama gindin itace yana faɗa da babur.

Ya tsaya ya daɗe yana kallon sawuna a rairayi, sannan ya ce, “Malam Manzo, ashe kai muke gudu?”

Kin san bana ba ciyawa, rassan gawo suke sara wa shanu, abin da masu tsaron daji ke kamu a kansa. Zanen tayar motarsu kuwa kowane makiyayi ya san shi kamar fuskar ɗansa. Da suka ga zanen nan guda ɗaya tal, sai suka ce mutanen sun sake dabara, sun sami babur don su riƙa zuwa a ɓoye. Ƙafar baya kuma tana bin ta gaba tana shafe sawun da suka san ni da shi. Ruga ta aika wa ruga, kowa ya kora dabbobinsa. Garin gudun nan garken Buba ya sha ruwa rijiya ɗaya da shanu masu ciwo.

Na buɗe akwatin a gabansa, ruwa ne mai ɗumi.

Saye ta mutu shekaranjiya, Lantana. Buba ya ce har ta faɗi ba ta daina lasar 'yar maraƙarta ba. Maraƙar tana nan, ya ware ta tun da wuri, idonta garau. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Tun da ya gaya mini na kasa zama wuri ɗaya, sai kewaya itacen nan nake.

Buba ya ba ni raƙumi zuwa Tenhiya, can zan jira sabon magani daga Damagaram. Ya yi alkawari ba mai ƙara tashi a rugarsa. Amma ya ce sauran rugage ba za su yarda da baki ba, sai sun gani a ƙasa.

Don haka ki duba bayan rumbu. In Allah ya sa ba ki bai wa masu yin takalman taya ita ba, ki aiko mini da tsohuwar tayata a motar farko, da gwangwanin faci. Tayar nan maraƙarki ke jira, sai da ita zan kai mata allura.

Ki gai da Inna. Allah ya mayar miki da alheri.

Mijinki,
Manzo