Ruwan Rijiyarmu Ya Nuna Ja

Yaya,

Ina gaishe ka, da Inna da matarka da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai idona da ke yawan ruwa saboda duhun ɗakin gwaji, amma da sauƙi.

Gaskiya raina a ɓace yake. Auta ta gaya min kun ɗiga ruwan rijiyarmu a na'urar gwajin ruwa da na aiko, fitilarta ta nuna ja har sau uku. Sai Kawu ya ce, "Ruwan nan kakanmu ya sha, ya shekara casa'in," kai kuma ka jefa na'urar cikin durowa. Haba Yaya! A zamanin kakanmu akwai masu fasa tsohon batir a bayan katangarmu, dalmar cikinsa tana bin ƙasa zuwa rijiya? Shekara uku ina haska ɗigon ruwa kafin na'urar nan ta iya gane gubar dalma. Bare sun yarda da aikina, a gidanmu ne har yanzu ni yarinya ce.

Tafasawa ba ta cire dalma. Don Allah ku koma ruwan famfo, a kai yara asibiti a gwada jininsu. In nauyin Kawu kake ji, miƙa masa waya, ni zan faɗa masa.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarka