In kai jaririyata Savai'i ko in jira ƙyanda ta lafa?

Inna Tausala,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na rasa wanda zai saurare ni har in kai aya. Mijina, kafin in rufe baki ya ce a'a. Yayana kuma, da na fara magana sai ya ce na zama 'yar birni. Ke ba ki san ni ba, ba ki da ɓangare, shi ya sa na kawo kukana gare ki.

Ni mutuniyar tsibirin Savai'i ce, aure da aiki suka ajiye ni a Apia, babban birninmu da ke tsallaken ruwa. Ina ɗinki a wani shago kusa da kasuwa. Ina da jaririya, Seuga, watanta biyar. Tun tana ciki na yi alkawarin kai ta gida a ƙarshen watan nan, wurin Gwaggo Vaelua, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwar mahaifiyata. Na karɓi hutu a wurin aiki. Na haɗa tsaraba, naman gwangwani da sukari da sabulu, har da shuɗin zani mai furanni, don Gwaggo ba ta ɗaura wani launi in ba shi ba. Ana cikin haka sai ga ƙyandar nan ta ɓarke a gari. Kullum ka kunna rediyo sai ka ji yawan yaran da aka kwantar ya ƙaru. Na ruga da Seuga a yi mata allurar rigakafi, nas ta ce ba ta isa ba, sai ta cika wata shida, kuma ko an yi ma sai an ɗan jira kafin ta kama jiki. Hukuma dai ba ta hana tafiya ba zuwa yanzu, jirgin ruwa yana tashi daga tashar Mulifanua zuwa Savai'i kullum. Ke nan abin ya rage nawa.

Za ki ce to in jira mana, wata guda ne da 'yan kwanaki. Ai da Gwaggo tana da ƙarfinta da ban ma rubuto ba. Jikin ya ƙi. Yayana Ioelu, wanda yake zaune da ita, ya ce ta daina tashi daga tabarma, idon ma ya dushe, abinci sai a yi da gaske ta ci loma biyu. Amma kullum da safe sai ta tambaya ko jirgi ya iso da yarinyar.

Kuma ba gani kawai take so ta yi ba. A gidanmu, duk 'ya mace da aka haifa, in cibiyarta ta faɗi, ana binne ta a gindin laufala, kabar da muke saƙa tabarma da ita, wai don hannun yarinya ya tashi da saƙa. Babbar mace a gida ce take binnewa da hannunta. Tawa tana can, ta Gwaggo tana can, ta kakarmu ma haka. Ta Seuga kuwa ga ta nan cikin wani ɗan gwangwanin man shafawa, naɗe da ƙyalle, a ƙasan kayana. Ranar da ta faɗi na kira gida, Gwaggo ta ce in kuskura in jefar, ko in bar wani ya binne mata a cikin simintin Apia, to kada in sake kiranta Gwaggo. Tana dariya ta faɗa, amma na san ta.

Inna, kwanakin nan ko keken ɗinki nake takawa hankalina yana can. Sai in tuna saukowa daga jirgi a tashar Salelologa ta Savai'i, ana turereniya, a shiga bas ɗin katakon nan mai kiɗa kamar zai tsage. In ya cika babu mai cewa ya cika, sai dai a ɗora juna a cinya. Na sha zuwa ƙauye a cinyar matar da ban taɓa gani ba, ita kuma jaririnta yana hannun wani tsoho a can gaba, an miƙa shi ta taga tun kafin uwar ta hau. Kafin a isa, kowa ya san sunan jaririn da na ubansa da dalilin da ya sa uban bai biyo su ba.

Gidanmu har yau irin na da ne, ginshiƙai da rufi, babu bango, sai asabari da ake saukewa in ruwa ya zo da iska. Kana kwance kana kallon teku. Da yamma a buga wata tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a bishiya a madadin ƙararrawa, kowa ya shige gida don addu'a, Gwaggo ta ɗauki waƙa da muryarta mai kauri kamar ta namiji, mu kuma muna tsunkulin juna a bayanta. Ba ta waiwayowa, hannu kawai take miƙowa, kuma ba ta taɓa kuskuren kunne ba. Ranar Lahadi tun da sassafe hayaƙi ya rufe ƙauye, ana gasa gwaza da ayaba da kifi a kan duwatsu masu zafi, da ganyen gwaza da aka ƙulle madarar kwakwa a ciki. Na ci irinsa a Apia ba sau ɗaya ba, kai, ba ɗaya ba ne ko kusa. Ina son Seuga ta shaƙi hayaƙin nan, ko da ba za ta tuna ba. Ina son ta kwanta a cinyar da na kwanta. Wannan shi ne gaskiyar abin da ke raina, kuma in na tuna sai hawaye.

Wani abin da ke ƙara rikita ni, ni ma na yi ƙyanda ina 'yar shekara bakwai, kuma in gaya miki gaskiya, ban tuna ta da wani tashin hankali ba. Abin da nake tunawa, Gwaggo ta sauke asabari duka don kada haske ya taɓa min ido, ta shafe ni da man kwakwa, tana ɗura min ruwan ɗanyar kwakwa da cokali. Har saƙarta ta ajiye, abin da ban taɓa gani ba. Da na warke ta yanka min kaza ni kaɗai, Ioelu yana gefe yana haɗiyar yawu. Shi ne yanzu yake min gori a waya, wai wace ƙyanda, ba duk mun yi ba ga mu nan garau, wai ko dai matar mai tasi ta fi ƙarfin zama a tabarma ne. Wai in ba zan zo ba in fito fili in faɗa, ya san abin da zai gaya wa tsohuwa. Maganar nan ta ƙona min rai, na kashe wayar.

Mijina Pelenato kuwa ya ce sai dai bayan ransa. Tasi yake ja, kuma tun da abin nan ya fara, rabin fasinjojinsa iyaye ne da yara zuwa asibiti. In ya dawo ba ya shiga ɗaki sai ya yi wanka a famfon waje ya sauya kaya. Ya daina ba ni labarin aiki, shi da ba ya rufe baki. Na ce masa ai shi ba zai gane ba, ɗan Apia ne, tasa cibiyar ma bai san inda ta ƙare ba. Bai yi dariya ba. Ya ce shi dai ya san inda 'yarsa take, kuma nan za ta zauna.

Ga abin da na tsara. In lulluɓe ta da zani, in hau saman jirgi inda iska take, in riƙe abata da kaina, ba wanda zai taɓa ta. Mu kwana biyu, Gwaggo ta gan ta, a binne cibiya, mu juyo. Cutar ma an ce ba ta kai ƙauyenmu ba, to ba can ya fi nan lafiya ba? Inna, in na jira Gwaggo ta tafi ba ta ga yarinyar nan ba, ban san yadda zan yi da raina ba. In tafi ko in fasa?

Taki,
Mai kewar Savai'i

Amsa

'Yata,

Na karanta wasiƙarki har sai da na ji ƙanshin hayaƙin Lahadi, don ni ma a irin gidan nan na tashi. Ba son zuciya ke damun ki ba. Alkawari kika ɗauka wa matar da ta zame miki uwa, kuma lokaci yana ƙure mata. Wannan babban dalili ne, kada kowa ya raina shi, har da mijinki. Amma amsata ita ce, kada ki kai Seuga yanzu.

Shirin nan naki, a Apia kika tsara shi, Savai'i ba ta san da shi ba. Ke da kanki kika ba ni labarin bas. Wace tsohuwa za ta miƙo hannu ta karɓi jaririya ki ce mata a'a, a gaban mutane, a hanyar ƙauyenku? Ko kin iya da ta farko, ba za ki iya da ta biyar ba. In kun isa kuma, a gidan da babu bango, ina za ki ɓoye ta? Kafin ki ajiye jaka matan coci sun iso, matar fasto ta iso, yaran maƙwabta sun kewaye ku, kowa sai ya ɗauka ya shinshina kumatunta. Haka muke nuna ƙauna, kuma ba za mu daina don ke ba. Ko da ma ba wanda ya taɓa ta, ƙyanda ba ta jiran taɓawa. A iska take tafiya, kuma mai ita yana yaɗa ta tun kafin ƙuraje su fito masa. Zani ba ya tare ta.

Kin ce cutar ba ta kai ƙauyenku ba. To ki juya maganar. Daga inda take za ki taso, ki ratsa tashar jirgi cike da jama'a, ki sauka cikin jariran da su ma ba su isa allura ba. Ba Seuga kaɗai ce 'yar wani ba.

Batun wai duk kun yi kun warke, ki gaya wa Ioelu ya sassauta baki. Waɗanda suka warke ne suke ba da labari. Ke kazar kike tunawa. Ki tambayi Gwaggo me ya sa ta ajiye saƙarta a wancan makon, ki tambaye ta yara nawa ta sani a zamaninta da suka kwanta ba su tashi ba. Ke kina da shekara bakwai a lokacin, 'yarki watanta biyar. Kuma ki daina aika saƙo ta bakin yayanki. Ki ce ya kara mata wayar a kunne, ki faɗa mata da bakinki abin da nas ta ce. Zan yi mamaki in matar da ta yi jinyarki haka ta ce ki kawo.

Amma ban ce ke ki fasa ba. Wanda ya taɓa yin ƙyanda galibi ba ya sakewa. Ki koma wurin nas ki gaya mata, in ta ce ki karɓi allura ki karɓa, shi ma Pelenato haka, don shi ne yake yini cikin masu ita. In ta ba ki izini, ki tatsi nono ki ajiye, maigida ya jingine tasi na yini guda ya yi reno, ba zai mutu ba. Ki bi jirgin farko ki dawo a na ƙarshe, kuma kada ki bari a ja ki zuwa makon gobe, gobe-goben nan nake nufi in zai yiwu. Ki tafi da gwangwanin. Al'adar cibiya take nema da hannun Gwaggo, ni ban taɓa jin an ce sai jaririya ta tsaya a bakin ramin ba. In ba ta iya tashi, Ioelu ya ɗauke ta ya kai ta gindin laufalar, ƙarfinsa ya yi amfani sau ɗaya. Ki tafi mata da rigar da Seuga ta kwana da ita, kada ki wanke, tunda ido ya dushe hanci bai dushe ba. Daga can ki kira Pelenato a waya ta ji kukan yarinyar.

Na san wannan ba cinya ba ce, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Mai yiwuwa Gwaggo ta jira har allura ta kama, ki kai mata 'yarki ta ɗauka. Mai yiwuwa kuma ba za ta jira ba. In haka ta faru za ki yi kuka, kukan zai daɗe, amma irin wanda ake iya rayuwa da shi ne. Ranar Asabar da ta wuce na je jana'izar wani jariri a unguwarmu. Ba a nemi masu ɗaukar akwati ba, uban ne ya rungumo shi shi kaɗai. Ba na son in sake zuwa irinta, balle a gidanki.

Allah ya ba Gwaggo Vaelua sauƙi, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya raya mana Seuga.

Inna Tausala