Jiƙon da Ɗahiru Bai Taɓa Tsallakewa Ba

Gwaggo Madina, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana a gidanmu.

Ranar sadakar bakwai ta mijina Ɗahiru, ina share ɗakinsa sai jarkar maganinsa ta kife a kan tabarma. Na tsuguna zan goge, wari ya bugi hancina. Warin da na shekara shida ina ji a bakinsa ne. Na daɗe a tsugune da tsumma a hannu. A nan na gane cewa maganin da ake ba shi don ya bar giya, a cikin giya aka jiƙa shi.

Ɗahiru falken albasa ne, yana bin manyan motoci daga nan Bodinga zuwa Kudu. Can ya koyo shan. Kowa a unguwa ya sani, amma a gidanmu ba a taɓa kiran abin da sunansa ba. Mahaifiyarsa, Inna, iska take cewa. Baffa Shaihu, ƙanin mahaifinsa, ya ce sammu ne abokan fatauci suka yi masa. Ni dai ban yi zurfi a karatu ba, amma na lura aljanin nan mai tsari ne, ba ya tashi sai ranar da aka sayar da albasa.

Sau ɗaya Ɗahiru ya kai kansa asibiti a Sakkwato, ba wanda ya tura shi. Ya kwana tara. Ya dawo yana cin malmala biyu ta tuwo, yana wasa da ɗiyarmu. Ya gaya mini ba allurar ce ta fi burge shi ba. Likita ya tambaye shi nawa yake sha a rana, ya faɗa, likitan bai yi salati ba, bai yi tsaki ba, rubutawa kawai ya yi. Ɗahiru ya ce tunda yake ba a taɓa tambayarsa ba, sai dai a yi masa faɗa ko a turara shi. Abin da bai so ba shi ne zaman layi a sashen da ake duba masu taɓin hankali, inda ɗan gari zai iya ganinka. Ɗan gari kuwa ya gan shi. Baffa ya ce zuri'arsu ba ta taɓa fitar da mahaukaci ba, Inna ta yi kuka, komawar da aka rubuta masa bayan sati biyu ta mutu a nan.

Sai aka nufi kasuwar Shagari, wurin wani mai magani da lasifika. Ya ba da jiƙon saiwoyi a jarka, kofi da safe, kofi da yamma. Ya ce uwa ce kaɗai za ta riƙa zubawa, in matarsa ta taɓa jarkar magani ya karye. Shi ya sa ban taɓa buɗe ta ba. Gwaggo, ban taɓa ganin majinyaci mai biyayya irin mijina ba. Mutumin da sai an yi rigima yake haɗiye ƙwayar zazzaɓi, shi ne da kansa ya roƙi a ƙara masa kofin rana. Inna ta bi maƙwabta tana godiya, wai ya daina fita. Mi zai fita nema, ana kawo masa har ɗaki a kofin silba?

Idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura. A wurin ta'aziyya aka ce basir ne.

Ina kuka, ina kuma jin haushinsa, domin ya sani. Ya taɓa ce mini maganin Inna ba zai warkar da shi ba, amma shi kaɗai ne yake sha ba tare da kunya ba. Na ɗauka ɗacin yake nufi. Mutumin kirki ne, wallahi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ƙaninsa Sadiƙ, mai tuƙa keken haya mai ƙafa uku, hannunsa ya fara rawa da safe. Inna ta ce iskar ta koma kansa. Jarka biyu suka rage, ta fara ba shi tun Juma'a. Shekaranjiya ya zo gaishe ni, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya tambaya ko katin asibitin yayansa yana nan. Ya ce yana so ya daina, amma yana tsoron Baffa, kuma wa zai hau keken wanda ake cewa mahaukaci? Na ce zan duba. Katin yana cikin kwallar da nake ajiye kayana.

Ina cikin takaba, in na fita, garinmu Lambara zan koma wurin iyayena. Inna ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. In na yi magana, kamar na ce mata da hannunta ta shayar da ɗanta ne. In na yi shiru kuma, na san hanyar da Sadiƙ ya hau. Ya zan yi?

Mai takaba, Bodinga

*

'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a duk gidan nan, ban da ke, mutum biyu ne suka san sunan ciwon: wanda ya rasu da wanda ya tsaya a bakin ƙofarki. Su biyun kuwa su ne ba a tambaya ba.

Ki fara da Sadiƙ. Mai sha da ya nemi likita da bakinsa ya yi abu mafi wuya, kuma irin wannan niyya ba ta daɗewa in aka bar ta tana jira. Ki ba shi katin ya ga sunan wurin, can za a buɗe masa nasa. Ya samu aboki ɗaya mai riƙe sirri ya raka shi. Ki ja masa kunne kada ya yanke sha farat ɗaya shi kaɗai. Wanda hannunsa ya kai ga rawa zai iya faɗuwa da jijjiga in ya daina ba kulawar likita. Ya gaya wa likita komai, har da kofin Inna. Maganar fasinja kuma, ki tambaye shi keken wa suka fi gudu, na mai zuwa asibiti ko na mai rawar hannu.

Inna ba mai laifi ba ce. An sayar mata da barasa da sunan magani, aka kuma hana hancin da zai gane ta kusantar jarkar. Mai lasifika ya san sana'arsa. Kuma ba ki da tabbacin jiƙon ne ya kai Ɗahiru ƙasa, shekaru shida na shan giya ba su tafi a banza ba. Don haka kada ki kai mata ƙara a kan wanda ya tafi. Ki kai mata jarkar a buɗe, ki ce ta kife miki kin ji wani wari, ta sansana da kanta. Za ta yi kuka. Ki zauna kusa da ita.

Baffa Shaihu kuwa, ki bar wa limami ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Addu'a da asibiti ba sa faɗa, a yi su tare. Sunan gidan da yake karewa an kare shi sarai, sai dai an binne mutum ɗaya a kai.

Allah ya jiƙan Ɗahiru, ya raya ɗiyarku, ya ba Sadiƙ lafiya, ya fitar da ke takaba cikin alheri. Amma har yanzu katin yana cikin kwallarki, kuma Sadiƙ bai ga likita ba.

Gwaggo Madina