Na Mayar da Arkadi Cikin Matattu

Paris, 9 ga Maris, 1931

Zuwa ga ƙanwata Glafira a Harbin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da iyali, Allah ya sa tarin Lidiya ya sake ta. Mu nan ƙalau. Maigidana Matvei yana fama da tasi, ni kuma ɗinki yana cin idona.

Maganar ɗana Arkadi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san nan duk wanda ya gudo daga Rasha Fari ake ce masa, wato maƙiyin Jajayen da suka ƙwace mulki: wanda ya yi wa sarki yaƙi, da wanda ya tsani sarkin da Jajayen baki ɗaya, da wanda yunwa kawai ta koro. Sunan ya zama rigar aro. To, wani Rodion ya ɓullo cocinmu, wai hafsan Farare ne. Matvei ya tambaye shi rundunarsa, sai ya ce tuna baya yana sa shi kuka. Kuka kuwa ga kumatu ɓul-ɓul! Nan da nan ya karɓe aikin tattara takardun addu'a, na sunayen rayayyu da na matattu, yana kai wa limami.

Mun gaya wa duniya Arkadi ya mutu a yaƙi, don ya zauna lafiya a Rasha da sunan da ya ara. Amma shekara goma a takardar rayayyu nake rubuta shi, don hannuna ya ƙi sa shi a ta matattu. Lahadin makon jiya Rodion ya zuba min shayi, yana murmushi ya ce, Baba Varvara, wane Arkadi ne wannan da bai mutu ba, kuma a wane gari yake? Na ce ɗan maƙwabta ne. Ya ce Allah ya raya ɗan maƙwabta.

Na ce wa Matvei ɗan leƙen asirin Jajaye ne, ya ce zargi ya yi min yawa, har kyanwa nake tuhuma. Wataƙila. Amma in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Don Allah ki ƙona wasiƙun yaron, kuma ki cire shi daga takardarki, ko wane Fari ne ya tambaya.

Jiya na rubuta sunansa cikin matattu. Limami ya karanta, ya roƙa masa hutawa, na ce amin da ƙarfi don Rodion ya ji. Ke ki roƙa masa tsawon rai a zuci, ni an ƙwace min wannan.

Ki gaida mijinki Zakhar, da Lidiya, da Goggo Pelageya.

Yayarki mai kewarki,
Varvara