Akwatin Sanyi a Kan Kogi

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da su Auta? Ina fatan kowa yana lafiya.

Inna, kogin nan ya wuce yadda aka ba ni labari. A inda muka shiga jirgi, saboda faɗi ba a hango ɗaya gaɓar. Da muka nausa sama sai ya matse tsakanin duwatsu yana ruri, dole muka sauka, na ɗora akwatin sanyi a ka, matuƙi da mutanensa suka ja jirgin da igiya. Allurar rigakafin ƙyanda ce a akwatin, ga yara suna ta mutuwa a ƙauyukan da ke kusa da mafarin kogin. In ƙanƙarar da ke cikinsa ta narke, maganin ya lalace. Kullum hannuna yana kan murfin, har matuƙi yana tsokanata wai ko jaririna na ɓoye a ciki.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Nas

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki: mun isa.

Amma mun sha wuya. Bayan duwatsun, kogin ya bazu cikin wata ƙatuwar fadama, ya rabu hanya-hanya, ciyawa ta fi tsawon mutum. A nan injinmu ya mutu, ga rana tsaka. Ban ɓoye miki ba, na zauna na yi kuka.

Sai ga wasu mata masunta a ƙananan kwalekwale. Da babbarsu ta ji abin da na ɗauko, ta ce jikokinta suna can sama, in daina kuka in shigo. Suka bar kifinsu, suka lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙiyar tabarma, suka kama tuƙi. In hannunsu ya gaji, sai su miƙa ni ga matan zango na gaba, waɗannan ma su miƙa ni gaba. Haka har ruwa ya ƙanƙance, muka ƙarasa a ƙasa.

Inna, ashe mafarin wannan uban kogi ɗan idon ruwa ne a gindin dutse, har tsallaka shi na yi. Can na buɗe akwatin, na tarar da sauran ƙanƙara. Mun yi wa yaran allura, har da jikokin tsohuwar, masu ƙarfin kuka kamar Auta.

Cikin sauri ko sunayen matan nan ban tambaya ba. Don Allah ki sa su a addu'arki haka nan, Allah ya san su.

'Yarki mai kewarki,
Nas